Tuƙar Saniyar Wagini

Su huɗu ne a gidan. Akwai Malam Mani, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda yara da manya ke kira Kaka. Akwai Saude, matar ɗansa da ya rasu, sai 'ya'yanta biyu: Huzaifa, saurayi ɗan shekara ashirin, da ƙanwarsa Mahfuza, 'yar shekara goma sha uku. Fulani ne na wajen Babban Duhu ta ƙasar Safana, suna noma suna kiwo tun iyaye da kakanni. Damina biyu ke nan da suka taso suka dawo Batsari, wani ɗan'uwan Saude ya ba su gidan ƙasa a bakin gari, ya kuma ara musu gona. Gero dai akwai, akwai awaki biyu da 'yan kaji. Shanu ne babu. Ɓarayin daji sun kore garken gaba ɗaya da rana tsaka, kuma Huzaifa ne ke kiwo a ranar. Ba su taɓa lafiyarsa ba. Bindiga suka nuna masa suka ce ya kwanta, ya kwanta, yana jin kukan shanun har ya daina ji.

Tun daga ranar Huzaifa ya zama wani mutum dabam. Da shi ne mai surutun gidan, mai tsokanar Mahfuza har sai ta kai ƙara wurin Innarsu Saude. Yanzu kuwa in ya yi sallar asuba sai ya ja tabarma gindin bedi, wato darbejiyar da ke bayan ɗaki, ya zauna, in inuwa ta matsa ya matsa. Gaisuwa da ka yake amsawa. Tuwo in ya yi loma uku ya ture kwano, ya ce cikinsa a kumbure yake. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Maƙwabta kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce iska ce ta taɓa shi a daji, wasu su ce zaman gari ne ya lalata shi.

Saude kuwa abin da ta sani ta yi. A ruga, dabbar da ta ƙi ci magani ake ɗura mata. Don haka duk ranar kasuwa sai ta sayo kafso ja-da-yalo wurin masu tallan magani, ta fasa, ta zazzage a kunu ta ba shi. Wata ya bi wata, ciki bai saki ba, Huzaifa bai tashi ba. Mahfuza in ta dawo makaranta takan tsaya daga nesa ta kalle shi. Babu abin da take so a duniya kamar yayanta, wanda take kira Hamma, ya miƙe ya koma cikin mutane.

Ran wata Alhamis, a ƙarshen damina, Malama Bara'atu mai koyar da kimiyya ta shigo ajin su Mahfuza da ƙaramar ƙwarya ta kindirmo a hannu ɗaya, da ƙwallon daddawa a ɗayan. Ta ajiye su a kan tebur ta dubi ɗalibai.

"Wa zai gaya mini abin da ke mai da madara kindirmo?"

"Zafi, Malama!"

"Kwana, Malama!"

"Ikon Allah," in ji wata daga baya.

Malama ta yi dariya. "Ikon Allah ne, babu shakka. Amma akwai ma'aikatan da Ya ɗora wa aikin."

Ta zana wasu 'yan sanduna da ɗige-ɗige a allo. Ta ce waɗannan halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wasu cuta suke kawowa, amma da yawansu aiki suke yi mana. Su ke tsamar da madara, su ke nunar da daddawa. Kuma a hanjin kowane mutum akwai su, yawansu ya fi yawan mutanen duniya nesa ba kusa ba, suna taya shi narkar da abinci.

Naja'atu, wadda ke zama kusa da Mahfuza, ta dafe ciki. "Wayyo! Shi ya sa kullum nake jin yunwa, ashe ba ni kaɗai nake ci ba!"

Aji ya kaure da dariya. Malama ta bari suka lafa, sannan ta ce, "Wa ya san ƙasar Japan?"

"Inda ake ƙera babur!"

"To ba babur kaɗai suka iya ba. Likitocinsu sun yi wani bincike. Akwai ciwon da ake kira ciwon damuwa. Ba damuwar kwana ɗaya ko biyu nake nufi ba. Mutum ne zai daina jin daɗin komai, ya ƙi ci, ya ƙi magana, ya guji mutane, a yi wata da watanni yana haka. Sai likitocin suka tara masu wannan ciwo, suka tara masu lafiya, suka duba halittun da ke hanjin kowa."

"Ta yaya suka duba, Malama? Yanka su suka yi?"

"Bayan gidansu suka auna."

Aka sake fashewa da dariya, wasu na toshe hanci. Mahfuza ba ta yi dariya ba. Bironta ya tsaya cak a kan takarda tun lokacin da Malama ta ce ya ƙi ci, ya ƙi magana.

"Sai suka ga," Malama ta ci gaba, "wasu nau'o'in halittun nan masu amfani, dangin waɗanda ke cikin ƙwaryar nan, sun yi ƙaranci a hanjin da yawa daga masu ciwon. Wato akwai wata alaƙa tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, ana nan ana bincikenta. Su Japanawa ma suna da wani wake da suke rufewa ya nuna kamar daddawarmu, har yauƙi yake yi, da shi wasunsu ke karyawa."

Ana buga ƙararrawa Mahfuza ta bi Malama har bakin ofis, jaka na neman faɗo mata.

"Malama! Malama, wallahi yayana ne! Duk abin da kika faɗa shi ne!"

Malama Bara'atu ta zaunar da ita a benci, ta saurari labarin tun daga garke har gindin bedi. Da aka zo kan kafso sai ta girgiza kai.

"Wannan kafson halittu yake kashewa, kuma ba ya tantance na kirki da na banza. A daina ba shi sai in likita ya rubuta. Amma ki saurare ni da kyau, Mahfuza. Ban ce rashin halittun nan ne ya kwantar da yayanki ba. Su kansu masu binciken ba su tabbatar da wanne ke jawo wanne ba. Abin da ya gani a daji kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Asibiti ya kamata a kai shi, akwai likitocin wannan ciwo. Kin ji?"

"Na ji, Malama."

Ta ji ɗin, amma ƙafafunta sun riga sun kama hanya. A guje ta ratsa kasuwa, ta kusa ture tiren mai gyaɗa, ta faɗa gida ko sallama ba ta gama ba. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, Kaka na kan buzunsa yana tufka igiya.

"Inna! Kaka! Ciwon Hamma yana da suna! Har a Japan ana yinsa!"

Kaka bai ɗago ba. "Amarya, wa ya koro ki? Ki sha ruwa tukuna, Japan ba za ta gudu ba."

Ta tsuguna a gabansa tana haki, ta kwashe darasin duka ta zuba masa, na farko a ƙarshe, na ƙarshe a farko. Halittu, hanji, daddawa mai yauƙi, kafso. Kaka ya taɓe baki.

"Tsutsar ciki kike nufi. Wannan ai tun ina yaro na san ta."

"Ba tsutsa ba ce, Kaka! Waɗannan na kirki ne. Su ke narkar da abinci. In suka mutu ciki ya tsaya, mutum ya ƙi ci. Kuma kafson nan kashe su yake yi."

Inna ta ajiye rariya a hankali. Kaka kuma hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago, idanunsa na ƙyalli irin yadda Mahfuza ta daɗe ba ta gani ba.

"Sake faɗa. In suka mutu, ciki ya tsaya?"

"Haka ne."

"La'ilaha illallahu!" Ya buga cinya. "Saude, kin ji? Ai wanga abu ubana ya san shi! In saniya ta yi ciwo ta daina tuƙa, ta tsaya gefe ita kaɗai ta sunkuyar da kai, mi yake yi? Sai ya nemi lafiyayya, ya jira ta dawo da ciyawa baki tana tuƙawa, ya sa hannu ya ƙwato, ya dama da ruwan ɗumi ya ɗura wa maras lafiyar. Kwana biyu ki ga ta kama kiwo! In na tambaye shi sai ya ce akwai rai a cikin tuƙa. Ashe halittun nan ne! Ashe Japanawa sai yanzu suka iso inda ubana yake!"

Mahfuza ta yi tsalle ta tafa. Shekara biyu rabon da Kaka ya ambaci saniya a gidan nan, yau ga shi har yana kwatanta yadda ake riƙe hanci. Suka yi ta magana suna katse juna, ita tana kawo na allo, shi yana kawo na ruga. Maganar asibiti ta faɗe ta sau ɗaya, a tsakiyar hayaniya, babu wanda ya ɗauka. Inna dai ta tashi ta ɗauko sauran kafson da ke cikin gwangwani ta ƙulle a leda ta cusa a saman katanga.

"Jibi Asabar babu makaranta," in ji Kaka. "Ki shirya da sassafe, za mu Wagini wurin Usaini. Ki ɗauko kular nan ta abinci mai riƙe zafi."

Usaini ɗan ƙanen Kaka ne, kuma cikin danginsu shi kaɗai ya rage da 'yan shanu, guda huɗu, yana ɗaure su a cikin gida. Mahfuza ta ɗauka kindirmo za su karɓo, don haka ta wanke kular tas.

Ranar Asabar rana na fitowa suka hau bayan ɗan acaɓa, Kaka a tsakiya, ita a baya rungume da kula. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, masu jakuna na kaucewa gefen hanya. Kaka bai rufe baki ba tun daga Batsari har Wagini, yana ba ɗan acaɓa labarin Japanawa da ubansa, kamar tare suka yi kiwo.

Usaini ya tarbe su da murna, ya durƙusa.

"Baffa, da kanka? Sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya jikin Huzaifa?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya iyali? Ya damina? Ya dabbobi? Jikin Huzaifa shi ya kawo ni. Ina Wule?"

Wule saniya ce ja mai farin goshi. Daga garkensu ta fito, Kaka ne ya ba Usaini ita tana karsana lokacin aurensa. Tana kwance a inuwar rumfa, idanu a lumshe, muƙamuƙinta na juyawa a hankali. Kaka ya naɗe hannun riga, ya tsuguna kusa da ita yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, yana shafa wuyanta.

"Amarya, matso ki ga aiki. Dubi maƙogwaronta. Za ta haɗiye, ta ɗan jira, sannan wani dunƙule ya hauro. Ga shi nan, ga shi nan!"

Mahfuza ta ga wani abu kamar ƙwallo yana hawowa ta cikin wuyan saniyar. Kafin ta ƙifta ido, tsohon da ke tashi da ƙyar daga buzu ya cafke hancin Wule da hagu, ya zura dama ta gefen baki inda babu haƙori, ya zaro dunƙulen ciyawa kore shar, yana tururi. Wule ta fyace ta miƙe a fusace, ta watsa masa yawu a gemu.

"Buɗe kula! Maza, kar ta huce!"

Mahfuza ta buɗe tana dariya har da hawaye, Usaini na salati, matarsa Ramatu ta leƙo daga kicin riƙe da muciya. Sau uku Kaka ya yi haka kafin ya ce ya isa. Ramatu ta cika musu wani galan da kindirmo. Usaini ya rako su bakin hanya, sai ya tambaya.

"Baffa, wai akuya ce ba lafiya?"

"Wace akuya? Huzaifa zan ba."

Usaini ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Mahfuza ba ta yi ba, don ta san muryar Kaka in da gaske yake. Babur ya tashi, kula na kan cinyarta da ɗuminta, warin tumbi na fitowa ta bakin murfi. Zuciyarta ta rabu biyu. Ai Malama ta ce halittu masu amfani, kuma ga su nan a cikin kula da ransu. Amma Malama ta ce asibiti, ta ce kin ji, ita kuma ta ce ta ji.

"Kaka," ta ɗaga murya saboda iska, "mu biya ta gidan Malama mu tambaye ta."

"Ta huce a hanya? Malamarki ta taɓa riƙe hancin saniya?"

"Amma Hamma ba saniya ba ne."

"Ciki ai ciki ne. Ke kika kawo maganar, yanzu kuma za ki ja da baya?"

Ta ƙara rungume kular. Gaskiya ne, ita ta kawo.

Suna isa gida Kaka ya sa Inna ta ɗumama ruwa. Ya juye tuƙar a ƙwarya, ya dama, ya tace da tsumma mai tsabta, wani ruwa kore-kore ya fito. Ya ce a zuba a kunun tsamiya yadda ba za a gane ba. Inna ta dube shi, ta dubi ƙwaryar. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa musa wa surukinta magana ba. Ta zuba, ta juya da ludayi.

Kaka ya ɗauki kwanon da kansa ya nufi gindin bedi, Mahfuza na biye. Huzaifa na zaune ya jingina da itacen, idonsa a kan katanga.

"Karɓi, ɗan nan. Shanye duka."

Huzaifa ya miƙo hannu ba tare da ya duba ba, kamar yadda ya saba karɓar duk abin da aka ba shi. Kwano ya kama hanyar bakinsa. Mahfuza ta matso kusa. Jika takan yi wasa da kakanta, ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ta ɓoye masa goro. Amma ta tsaya a gaban mutane ta rushe abin da ya yanke, wannan ba a yi a gidansu. Ta runtse ido ta kama gefen kwanon da hannu biyu.

"Hamma, kar ka sha!"

Kunu ya fantsama a tabarma. Kaka ya daka mata tsawa, "Ke! Mahfuza!" Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta.

"Kaka, ka yi haƙuri," ta ce, amma ba ta saki kwanon ba. "Malama ba ta ce a ba shi wannan ba. Asibiti ta ce. Ni ce ban faɗa da ƙarfi ba. In ya sha wani abu ya same shi, ni na jawo."

Huzaifa ya dubi ƙanwarsa, ya dubi kakansa. Sannan ya sunkuyar da kai ya shinshina kwanon. Ya sake shinshinawa. Goshinsa ya tattare.

"Wannan ai tuƙa ce."

Kaka ya kawar da kai.

"Tuƙa ce," ya sake cewa, muryarsa a dushe saboda rashin amfani. Ya sa yatsa ya lakato ɗan abin da ya tsallake tsumma, ya murza. "Harawar wake ce da dusa. Wannan saniyar ba a kai ta daji, a ɗaure take. Ta wa ce?"

"Wule ce," in ji Mahfuza da sauri. "Ta wurin Baffa Usaini."

"Wule?" Ya gyara zama. "Tana nan? Ni na karɓi haihuwarta, da ƙafar baya ta zo. Ta haihu?"

"Biyu! Na gansu, ƙaramin ja ne kamarta, har da farin goshin!"

Inna ta zo ta tsaya a bakin ɗaki, ta toshe baki da gefen mayafi. A shekara biyu ba ta ji ya haɗa magana mai tsawon wannan ba. Huzaifa ya ajiye kwanon a ƙasa, ya juya wurin Kaka. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, kamar dariya na neman hanya.

"Kaka, ni za ka ɗura wa tuƙa? Saura ka kama ni ta hanci."

"Da ka ƙi sha da na kama," in ji Kaka. Ya so ya ci gaba da faɗa, amma sai ya zauna a gefen tabarma, cikin kunun da ya zube. Ya dubi hannuwansa, har yanzu da koren ciyawa a farce. "To ya zan yi? Ni saniya na sani. In ta kwanta na san yadda zan tashe ta. Kai ka kwanta shekara biyu a gabana, na rasa ta inda zan kama."

Huzaifa ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, da ƙyar aka ji.

"Na ɗauka ba ka son ganina ne. Shanunka talatin da ɗaya, na kwanta ina ji aka tafi da su. Tun ranar ba ka ƙara ambatar saniya ba."

"Don kar in tuna maka na yi shiru, wawa! Da ka tashi sun harbe ka, da wa zan zauna? Da Wule?"

Sai ga Huzaifa yana dariya yana kuka a haɗe, kafaɗunsa na girgiza. Kaka ya dafa ƙeyarsa ya bar hannun a wurin. Mahfuza ta rasa abin yi, sai ta ɗauke kwanon ta kai bayan gida ta zubar, ta dawo a guje don kar wani abu ya wuce ta.

Can Kaka ya share fuska da hannun riga ya harare ta. "Ke kuma mai ƙwace kwano, je ki kira mini malamar taki. In ji daga bakinta."

Malama Bara'atu ta zo bayan la'asar. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa har aka gaji. Da ta ji labarin tuƙa sai ta kama haɓa, ta yi ta maimaita "ikon Allah", tana ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, dabarar mahaifinka gaskiya ce, likitocin dabbobi ma suna yin irinta. Amma saniya zuwa saniya. Cikinta ba irin namu ba ne, halittunta ba namu ba ne, kuma a ciki akwai masu sa mutum gudawa da zazzaɓi mai tsanani. Da ya sha, da wani ciwon aka ƙara masa."

"To Japanawan mi suka ba nasu?"

"Su ma bincike suke yi, Baba, ba su gama ba. Kindirmon nan da kuka kawo ya sha, abinci ne mai kyau, a sa masa daddawa da ganye a miya. Amma ciwon da ke damunsa likita ke dubawa, da magani da kuma zama a yi magana." Ta juya wurin Huzaifa, ta sassauta murya. "Ba kai kaɗai ba ne. A garuruwan nan namu mutane da yawa sun ga abin da ka gani, kuma da yawa sun kwanta kamar yadda ka kwanta. Ana samun sauƙi. Za ka je?"

Kowa ya zuba masa ido. Huzaifa ya daɗe yana murza bakin tabarma.

"Zan je," ya ce. "Amma a fara kai ni in ga Wule."

Mahfuza ta yi wani ihu har kaji suka watse. Inna ta ce mata ta yi hankali mana, ga baƙuwa, amma ita ma fuskarta duk hawaye ne da murmushi.

Ran Lahadi aka kai shi Wagini. Ran Talata shi da Kaka suka shiga motar Katsina tun da safe, suka dawo da yamma da ƙwayoyin magani da takardar ranar komawa. Likita ya ce sai an yi makonni kafin a ga aikin maganin, kuma kar a daina don an ga sauƙi.

Haka kuwa aka yi. Wata rana Huzaifa ya cinye tuwo ya nemi ƙari, washegari ya koma gindin bedi bai ce wa kowa uffan ba. A irin waɗannan ranaku Mahfuza takan ɗauko littafinta ta zauna kusa da shi ta yi aikin gida, ba ta matsa masa da tambaya. Ranar da aka fara yankan gero ya ɗauki lauje ya bi su gona. Bai kai azahar ba ya gaji ya zauna a kan kunya, ita ta kawo masa ruwa, ya sha ya ce mata ta cika rawar kai, ta ce ai gado ta yi.

Mahfuza ta gane cewa abin da ke damun yayanta ciwo ne kamar kowane ciwo, ba a warkar da shi da kwano ɗaya, kuma sai likita ya yi nasa, mutanen gida su ma su yi nasu.